An yi min aiki sau uku, maigida ya ƙi sa hannu a juya min mahaifa

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a? Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike share wa mata hawaye. Don Allah a sakaya sunana, dangin mijina ba sa wuce shirin nan.

Jiya Hajiyarsu ta zo har ɗakina, a gaban yarana, ta ce wai ni raguwa ce, na mayar da asibiti gidan ubana, ita 'ya'ya 9 ta haifa a kan gwiwarta ba wanda ya taɓa tsaga ta. Anti, ni na ce a yanka ni? Haihuwata ta fari kwana na yi na wuni ina naƙuda a gida, ita ce ma ta hana a kai ni asibiti, sai ɗura min rubutu da jiƙe-jiƙe take yi har yarinya ta galabaita. Da aka je, likita ya ce ƙuguna ya yi wa kan jaririyar kaɗan. Ta biyu a gicciye ta zo. Ta uku kuwa ba su ma bari na fara naƙuda ba, suka ce mai ɗinki biyu ba a wasa da ita, tabon zai iya yagewa mahaifa ta fashe. Dukansu mata ne, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ban ma faɗa miki ba, ciki ne da ni yanzu, wata 7. Bayan aiki na uku an ja min kunne in huta aƙalla shekara 2. Na sa ashanar fata ta hana ɗaukar ciki da sanin maigida, shi ya kai ni a mashin ɗinsa, yau ya ce bai san zancen ba. Da Hajiya ta ji labari sai ya ɗauke min ƙafa, ko abincina ba ya ci, sai da na je aka cire. Ko yaye autata ban yi ba cikin ya shiga.

Da na je awo aka yi min hoton ciki, sai na ga likitar ta yi shiru tana ta mayar da na'urar wuri ɗaya, ƙasan cibiyata. Ta ce mabiyiya ta sauko ta rufe bakin mahaifa, daidai kan tsohon ɗinkin, kuma suna tsoron ta kafe a cikin naman mahaifar ta ƙi fita bayan an ciro ɗa. In haka ta faru, jini ke zuba kamar an buɗe famfo, wani lokaci sai an cire mahaifar ɗungurungum kafin a ceci uwa. Ta duba katina ta ce ko a aikin baya sun sha wuya, don tabo ya manne mafitsara da jikin mahaifa. Ta ba ni takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta ce a tanadi masu ba da jini, kuma in na ga ko ɗigo ne kada in jira gari ya waye. Shawararta, in Allah ya sa mahaifar ta tsira, a juya ta a wannan aikin.

Takardar na nan a ƙarƙashin katifa. Maigida ya ce shi ba zai sa hannu a yanke masa zuri'a ba, likitoci kuɗi kawai suke nema. Kuɗin aiki ya ce babu, amma ƙanwarsa ta faɗa wa maƙwabciyata an fara haɗa lefe. Ni fa ba kishiya nake tsoro ba, Allah ne shaidata, ya auri uku rana ɗaya. Kawai mutumin da na sayar da ɗan kunnena na biya masa kuɗin haya ne yau ko sannu ba ta haɗa mu.

Da farko so nake a tambayar min likita ko akwai wadda aka yi wa sau huɗu da irin wannan matsala ta tashi lafiya. Amma abin da ke hana ni barci shi ne, in na sa hannu da kaina ba da yardarsa ba, na saɓa wa Allah? Innata ta ce in yi haƙuri, aure ibada ne. Baffana kuwa mai zafi ne, in na kai masa maganar auren ne zai mutu, kuma Hajiya ta rantse yaran ba za su bi ni ba. In faɗa masa ko in yi shiru?

Wassalam. Taki,
Uwar 'yan mata, daga Kano