Alhaji, a duba ƙafar motar nan kafin ka taso

Kaduna.

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya sanyin Maraɗi? Mu nan hazo ya sauka, sai godiyar Allah.

Na samu saƙonka a kan Fijo 406 ɗin nan, kuma hankalina bai kwanta ba. Ka ce tun da aka sauke inji aka mayar, da zarar ka kai tamanin sai ka ji bayanta na lilo, ba ya bin gaban. Don Allah kada ka ɗebi iyali ka hau titin Jibiya da ita sai an gano dalili.

Ka fitar da inji daga zargi tukuna. Wannan motar injinta a gaba yake, tayoyin gaba ne ke jan ta, na baya bi kawai suke yi. Ko dai an taɓa wani abu a ƙafa lokacin aikin, ko kuma tsohuwar cuta ce da ba ka ji ba saboda da injin ba ya gudu, yanzu ƙarfi ya dawo ta fito fili.

Fara da abin da ba zai ci maka kuɗi ba. Motar ta daɗe a ajiye a gareji, iska na iya saukewa. Da safe, kafin tayoyin su yi zafi, ka sa mai faci ya auna duka huɗun da geji, ba da dukan ƙafa ba, a daidaita da abin da ke rubuce a takardar da ke jikin ƙofar direba. Sannan ka ɗauki sufana da hannunka ka bi notin kowace taya. Ka kuma duba ko an sauya musu wuri wajen mayarwa. Masu kyau ya kamata su zauna a baya, domin in tayar baya ta zame, sitiyari ba ya cetonka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, robar ta bushe.

In duk wannan lafiya, a ɗaga bayan da jak. Ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Bai kamata ka ji wasa ko kaɗan ba. In ta yi ƙwas-ƙwas, ka sa yaro ya ci gaba da girgizawa kai kuma ka leƙa da tocila, za ka ga inda ke motsi. A nan na fi zato. Ƙafar bayan 406 ba sanda ɗaya ba ce irin ta tsohuwar Golf, hannuwa ne da yawa kowane da bushin ɗinsa, wato robar da ke mahaɗarsa, kuma akwai ɗan siririn hannun da ke riƙe da saitin tayar. In kansa ya ci, tayar baya sai ta riƙa juya kanta kaɗan-kaɗan, kamar akwai wani direba na biyu zaune a but. Ka tambayi masu garejin da me aka jawo motar ranar da ta mutu, kuma a ina aka ɗaura igiya. Waɗannan hannuwan ba su jure ja, ba su jure a sa jak a ƙarƙashinsu, nan da nan suke lanƙwashewa. Shokazoba kuwa, in ka ga mai ya jiƙe jikinsa ƙura ta manne, ya gama aiki, kuma biyu ake sauyawa tare.

Amma kada a manta da gaban. Ba a fitar da injin nan sai an cire tayoyin gaba da shaf, an kwance ƙafa. In an mayar ba a yi saiti ba, ko an bar wani noti bai ɗauru ba, direba kan ji abin a bayansa alhali a gaba yake. Gwada a miƙaƙƙen titi marar mutane: taka totur, sannan ka saki. In ta karkata da takawa ta dawo da sakewa, a koma gaba, har da kujerun inji. In kuwa a rami ko a kwana take kaɗawa, baya ne.

Saiti shi ne na ƙarshe, kuma na ƙafa huɗu, bayan an sauya duk abin da ya ci. Wanda ya ce a fara da shi, kuɗinka zai tafi a banza. Kuma ka roƙi bakaniken ya ƙarasa ɗaure notin bushin bayan an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba sabuwar robar za ta murɗe ta yage.

Ka je masa da lalama, ku shiga motar tare ya ji da jikinsa. In akwai kayan da ba ka samu a can ba, turo min hotonsu a WhatsApp in nema maka a Panteka in ba direba ya kawo.

Ka gaida Hajiya da su Baba. Ina jiran jin abin da kuka gani.

Naka,
amininka na Kaduna.