Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mana Da Katafilar Haƙa

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na kawo maganar nan bainar jama'a ne domin waya da takarda sun gaza, kuma ba ni kaɗai ke sayen inji a hannunku ba.

Katafilar haƙa muka saya, mai nauyin tan 20, mai tafiya kan sarƙa, bokitinta na cin kusan kubik mita ɗaya, bisa yarjejeniyar ku ne za ku riƙa yi mata sabis duk awa 500. Aikinmu haƙan fandisho da magudanan ruwa ne tsakanin Bukuru da Rayfield. Wanda ya san Jos ya san ƙasarta, ba ka yin nisa da haƙa sai ka ci karo da dutse, dole a cire bokiti a ɗaura hamar fasa dutse. Mun gaya wa yaronku haka tun kafin mu biya kuɗi.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka ba lalacewar inji ce ta ɓata mini rai ba. Yadda kuka ɗauki lamarin ne.

Da safe katafilar lafiya lau take aiki. Rana na ɗagawa, man haidirolik, wato man da ke motsa hannunta, ya ɗau zafi, sai hannunta ya mutu, da ƙyar take ɗaga cikakken bokiti. Injin kuwa ba hayaƙi, ba tari. Makaniken da kuka turo ya zo hannu rabbana, ko geji na auna matsin mai bai riƙo ba. Irin wannan katafila tana aiki ne da matsin mai wajen 350 a ma'aunin "bar", kuma akwai wurin ɗaura geji a jikin famfo don a auna da sanyi, a sake aunawa da zafi. Shi dai ya kasa kunne ya ce babban famfo ya tashi aiki, a sayi sabo. Famfon nan yana cikin kayan da suka fi tsada a jikinta. Sai ga takardarku wai garanti bai shafe shi ba, mu muka wahalar da ita.

Wani dattijon makanike da ya daɗe yana gyaran katafilolin masu haƙar kuza ne ya duba mana. Ƙurar hunturu ta toshe lagireton sanyaya mai, iska ba ta ratsawa. Ya buɗe tanki ya zaro filtar da mai ke bi idan ya dawo, ta yi baƙi ƙirin, kuma ita ce ta asali da aka zo da ita, alhali rasit ɗinku ya nuna an canza ta, mun kuma biya. Mai idan zafinsa ya daɗe sama da digiri 80 a ma'aunin Celsius yakan tsinke, ya riƙa sulalewa ta ciki, ƙarfi ya ragu, robobin da ke tare mai a cikin silinda su ƙone. Da aka wanke lagireto, aka canza mai da filta, aka ɗaura geji, famfon da kuka yi wa jana'iza ya ba da matsi daidai. Amma robobin silindar hannu sun riga sun ƙone, yanzu yoyo suke yi.

A bakin dattijon nan muka ji cewa aiki da hama yana rage kwanan man haidirolik sosai, dole a riƙa canza shi da wuri. Wannan yana cikin littafin kula da injin, wanda har yau kuna ce mana yana hanya.

Namu ɓangaren a rubuce yake: giris a fil-fil na gaɓoɓinta kullum safe, zubar da ruwan da ke taruwa a filtar gas, kakkaɓe filtar iska, duba ɗaurin sarƙa.

Ina neman ku mayar mana da kuɗin filtar da ba a saka ba, ku canza robobin silinda da kuɗinku, ku ba mu littafin. Daga yau kuma duk sabis a yi shi gaban direbanmu, a bar mana tsofaffin filtoci mu gani da ido. Idan har kun tsaya a kan cewa famfon ya mutu, ku zo da geji ku rubuta mana abin da ya nuna, da sa hannu.

Na gode.

Ɗan kwangila,
Bukuru, Jos.