Wasiƙa daga Agege: abin da kunnena ya tsinto maka

Agege, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya baƙunta? Ya uwargida da yara? Mu nan lafiya lau, sai ruwa, don damina ta kankama. Ka ce ku can Ingila bazara ce, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, kuma kana neman abin da za ka riƙa saurara a wannan dogon hutu. To gyara zama.

Da kiɗan fuji zan fara maka, don shi ya fi kama ni bana. Direbobin danfo ne suka fara jiyar da ni shi a gosulon gadar Third Mainland, sannan wani abokin aikina Bayarabe ya ba ni tarihinsa. Ashe daga tashin sahur ya samo asali. Samarin Musulmin Yarabawa ne ke zaga unguwa da azumi suna kiɗan da suke kira were don mutane su farka, sai marigayi Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, ya fito da shi daga Ramadan ya mai da shi kiɗan biki da taro. Tun da na ji haka, in ya ja murya ina jin ƙamshin ƙira'a a ciki. Ko Asake da yara ke yayi yanzu, in ka kasa kunne, fuji ne a ƙarƙashin kiɗansa.

Daga nan ka koma baya ka nemi Haruna Ishola, sarkin kiɗan apala na Yarabawa, mutumin Ijebu-Igbo da ya rasu a 1983. Shi ba ya gaggawa ko kaɗan. Ga abin da nake so ka yi: ka sa Shata tukuna, kana gamawa ka sa Ishola. Gangar da Yarabawa ke ce wa gangan 'yar'uwar kalangu ce, a hammata ake riƙe ta, makaɗi ya matse igiyoyin sauti ya hau, ya saki ya sauka, har ganga ta yi magana. Ga jagora yana ba da waƙa, 'yan amshi suna karɓa, ana wasa masu alheri ɗaya bayan ɗaya. Ba na jin rabin abin da yake faɗa, amma na san inda zai dire kafin ya dire. Wallahi abin ya taɓa ni.

Sai Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, bahago a gita. Da wayar burkin keke ya haɗa gitarsa ta farko yana yaro. Abin da zai ba ka mamaki, kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da ake yi a waƙoƙin finafinanmu na Hausa. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya aka riƙa tura shi ta Bluetooth da memori har ya ƙetare Sahara. Amma Afrique Victime na 2021 nake so ka fara da shi. Gitar wuta take ci. Kar ka sa shi kana karatu, ka bari sai ka fita tattaki da yamma.

Na dare kuwa, bayan isha in yara sun kwanta, kundin da Ali Farka Touré ya yi da Toumani Diabaté a Bamako, wanda ya fito a 2005. Gita ce da kora mai tsirkiya 21, kusan babu waƙa a ciki, hira kawai suke yi da yatsu. Duka biyun sun riga mu gidan gaskiya, Ali a 2006, Toumani a 2024. Allah ya jiƙan su.

Fela ka san shi, amma wannan karon ka bar muryarsa ka bi gangar makaɗinsa Tony Allen daga farko har ƙarshe, ko da za ta kai minti goma kafin a buɗe baki. Kar ka tsallake wurin nan, nan daɗin yake. New Afrika Shrine, gidan kiɗan iyalan Fela, na nan Agidingbi, ba nisa da mu, kuma a watan Oktoba ake bikin Felabration na tunawa da shi. In Allah ya sa ka dawo kafin lokacin, tare za mu je, mu biya ta kantin Jazzhole a titin Awolowo da ke Ikoyi ka ga tsofaffin fayafayen garmaho da idonka.

Uwargida kuma ka nemo mata Barmani Choge da kiɗan ƙwaryarta, na san za ta tuna gida. Ka haɗa mata da marigayiya Cesária Évora ta tsibiran Kef Bade, wadda ta kasance tana hawa dandamali ba takalmi. Muryarta akwai kewa, mai zaman baƙunta zai gane ta nan take.

Kai ma ka rubuto mini abin da kake ji a can, musamman na Larabawa da Indiyawan unguwarku da ka taɓa ba ni labari. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Agege