Wasiƙa zuwa Fatakwal kan tagar kicin

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma kun fara sabawa da ruwan Fatakwal. Mutanen Kano duk suna gaishe ku.

Na ga hotunan tagar kicin ɗin da ka turo. Ta aluminiyam ce mai zugewa gefe, tana saman wurin wanke-wanke, tana fuskantar matattakalar benen maƙwabta, ga murhun gas a kusa da ita. Dole uwargida ta takura. Amma kada ka yi saurin sayen labule mai kauri ka toshe ta gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne a tare hanyar ido, a bar wa iska da haske tasu hanyar. Kicin ɗin da ake girki da gas, balle gawayi, ba a hana shi iska.

Kafin ka kashe ko sisi, bari sai bayan isha'i, ka kunna fitilar kicin, ka sa wani ya tsaya a gaban wurin wanke-wanke, kai kuma ka fita ka hau matattakalar nan. Daga ƙasa me ake gani, daga tsakiya fa, daga sama fa? Ka sa a manna salatif a gilashin daidai inda ido yake tsayawa. Sau da yawa rabin tagar ne kawai ke bukatar rufi. Da rana ba za ka gane ba, don hasken waje ya fi na ciki ƙarfi.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na son ka sayi ledar nan mai kama da madubi da ake manna wa gilashi. Mai sayarwa zai ce maka kana ganin waje, na waje ba ya ganin ka. Gaskiya ne, amma da rana kawai. Aikinta ya dogara da ɓangaren da ya fi haske, saboda haka da zarar duhu ya yi aka kunna fitila, lamarin ya juya: na waje yana kallon ku tar, ku kuma kanku kuke gani.

Wadda za ka nema ita ce fara mai hazo-hazo, wadda ke barin haske ya shigo amma ta dushe hoto, dare da rana. Inuwar mutum takan ɗan bayyana in ya matso kusa da gilashin, amma ba a gane fuska. Tunda gidan haya ne, ɗauki wadda ba ta da gam, da ruwa kawai take kamawa, ranar tashi ka ɓare abinka ba rigima da mai gida.

Manna ta ba sai ka kira kowa ba. Ta ciki ake sa ta, kuma a gilashi mai santsi. Ba ta kama mai zane ko mai kaushi. Ka wanke gilashin sosai, musamman maiƙon suya, ka kankare ɗigon fenti da reza. Ka yanka ledar ta fi gilashin da kamar santimita 2 kowane gefe. Ka ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa, ɗigo 3 ko 4, a rabin lita na ruwa, ka fesa har gilashin ya jiƙe sharkaf. Kada ka yi rowar ruwan, shi ne zai ba ka damar gyara mata zama. Ka ɓare bayanta, ka ɗora, sannan ka naɗe tsohon katin banki a ƙyalle ka riƙa tura ruwan daga tsakiya zuwa gefe. A ƙarshe ka datse rarar da sabuwar reza, ka bar tazarar milimita 2 tsakaninta da firam. In ta hau kan robar firam, daga nan take fara ɗagowa. Ƙananan ƙurajen ruwa sukan baje da kansu cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ƙi bajewa, ƙura ce ko gashi a ƙarƙashi, sai an ɗaga an wanke. Kuma kada ka yi aikin lokacin da rana ke dukan gilashin, ruwan zai bushe kafin ka gama.

Sai dai fa leda tana aiki ne in taga na rufe. Taku kuwa, da an zuge ta don hayaƙi, rabi ya buɗe. Nan ne ɗan gajeren labule ke shigowa. A kai wa tela yadin auduga mara nauyi, faɗinsa ya ninka faɗin tagar sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu, don in ya yi cif-cif zai bar kafa a gefe. A wanke yadin kafin a yanka, auduga tana tsukewa. Tsawonsa ya tsaya santimita 1 ko 2 a saman dakalin taga, kada ya sha ruwan wanke-wanke. A ɗinka masa ɗan nauyi a cikin kalmasar ƙasa, ko a zura siririyar waya ta biyu a ƙasan, don kada iska ta riƙa kaɗa shi. Ka ɗinka guda biyu, ana wanke ɗaya ɗaya na rataye. Idan tsakanin bakin labulen da wutar murhu bai kai mita 1 ba, a matsar da murhun, ko a haƙura da yadi baki ɗaya. Yadin roba kuwa kada ma ya shiga lissafi, narkewa yake yana ɗiga.

In murhun ba zai matsu ba, sai ka koma ga labule irin na ofis mai siraran ganyen aluminiyam, masu faɗin milimita 25. Ka auna faɗin ramin tagar a sama da tsakiya da ƙasa, domin filasta ba ta cika miƙewa ba. Ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka rage santimita 1. Ka duba ko ƙarfen tsaro da mariƙin taga sun bar zurfin kamar santimita 5. In ba su bari ba, a kafa shi a bango ta saman tagar, ya zarce da santimita 8 zuwa 10 kowane gefe. Wajen karkata ganyen ake yawan kuskure. Mai leƙe daga sama, kamar na matattakalarku, ana tare shi ne in gefen ganyen da ke waje ya yi ƙasa, na ciki ya yi sama. Mai kallo daga ƙasa kuma akasin haka. Aibinsa shi ne maiƙo da ƙura suna haɗuwa su zama danƙo a kowane ganye, sai an bi shi da ruwan ɗumi da sabulu duk mako biyu ko uku. Igiyarsa a ɗaure ta can sama a ƙusa, inda hannun yara ba ya kaiwa, tana iya shaƙe yaro.

Na san za ka tuna da asabari irin namu, ga arha ga iska. A Kano ya yi, amma a laimar garinku da tururin tukunya, fumfuna zai yi. Na katako ma lanƙwashewa yake.

Da ni ne, leda mai hazo a duk gilashin biyu, da ɗan labulen auduga a ɓangaren da ake zugewa. Ka turo min awon tagar da tazarar murhun, sai in lissafa maka yadin, in kuma kana so a yanko a Kantin Kwari a ba mai zuwa ya kawo muku.

A gaida uwargida da yara. Allah ya sa alheri a sabon gida.

Naka,
amininka na Kano