Kafin a ce giya na tada jini, a duba yadda aka gwada

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ɗan ba ni fili, domin na gaji da jin ana cewa wai "bincike ya nuna" giya na tada jini ko tana kwantar da hankali, amma babu mai tambayar ta yaya aka gwada ɗin. Ni malamin saikoloji ne, wato ilimin halayyar ɗan Adam, kuma wannan abu yana ci min rai.

Ba wai kawai za ka ba mutum kofi ɗaya ka ɗora masa wayar auna bugun zuciya a ƙirji ka ce ka gama ba. Wanda ya san giya aka ba shi, tun kafin ta kai ciki ransa ya riga ya raya masa abin da zai ji, to bugun zuciyar da ka auna na giyar ne ko na tsammaninsa? Shi ya sa a 1973 Alan Marlatt da abokan aikinsa a Amurka suka raba mutane gida huɗu: wasu an ce musu vodka ce (wata giya mai ƙarfi) kuma ita ce, wasu an ce vodka ce alhali ruwan tonik ne zalla (lemo mai ɗaci marar giya), wasu an ce tonik ne amma an zuba musu vodka, na ƙarshe tonik kuma an faɗa musu gaskiya. Kashi ɗaya vodka kashi biyar tonik mai sanyi, don harshe ya kasa ganewa. Abin mamaki, abin da aka faɗa musu shi ya fi tasiri kan yawan da suka kwankwaɗa, ba abin da ke cikin kofin ba, har su mashayan da suka riga suka yi nisa.

Sai batun lokaci, nan ne ɗalibai ke faɗuwa wallahi. Giya fuska biyu gare ta, lokacin da take hawa a jini zuciya na ƙara gudu mutum ya ji garau, in ta fara sauka kuma sai kasala da gyangyaɗi, to in ka auna sau ɗaya tak kana iya fitowa da kishiyar abin da wani ya samu kuma duk ba wanda ya yi ƙarya. Dole ka auna bugun zuciya da gumin tafin hannu kafin a sha, sannan ka riƙa maimaitawa tare da na'urar da ake hurawa don auna yawan giya a jini, kuma a ba kowa gwargwadon nauyin jikinsa.

A wajenmu dai ba mai ba ɗan makaranta giya da sunan bincike, haramun ce, amma tsarin gida huɗun nan an yi shi da kofi na sha (coffee) da sigari ma. Can ɗin ma ba sakaka ba ne, a Amurka sai ɗan shekara 21, mata sai an yi gwajin ciki, kuma ba mai barin ɗakin sai giyar ta ragu sosai a jininsa an kuma faɗa masa ainihin abin da ya sha.

Na gode, Malam Edita.
Mai karatunku daga Zariya