Godiya ga Ofishin PhET na Jami'ar Colorado

Zuwa ga ma'aikatan PhET da ke Boulder, ƙasar Amurka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata sakandare a Kano, na rubuto ne in gode muku, ku masu shirya manhajojin koyon kimiyya, a bainar jama'a kan manhajarku ta Molecule Shapes, wadda kuka saka kyauta ga duk mai buƙata.

Duk malamin da ya taɓa koyar da siffofin molekul, wato ƙwayoyin zarra da suka haɗu wuri guda, ya san inda gizo ke saƙa. Allo shimfiɗe yake. Idan ka zana iskar methen, kabon a tsakiya da haidirojin huɗu kewaye da shi, abin da yaro ke gani shi ne mararraba, sai ya rantse kusurwar digiri 90 ce. Ka ce masa 109.5, ya haddace saboda WAEC da NECO, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. A manhajarku kuwa yaro da yatsansa yake juya molekul ɗin a fuskar waya. Ya ƙara haɗi na biyu a jikin ƙwayar zarra ta tsakiya, ya ga sun miƙe sun ba juna baya a digiri 180 kamar na iskar CO2 da muke fitarwa a numfashi. Ya ƙara na uku su baje a 120, na huɗu kuma ya ga sun bar shimfiɗa kowanne ya nemi inda zai fi nisa da ɗan'uwansa. Ka'idar da Gillespie da Nyholm suka tsara a 1957, cewa tagwayen elektron, ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwayar zarra ta tsakiya, ture juna suke yi, ga ta nan tana motsi a gaban idonsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin da ke kwatanta lissafin ka'ida da molekul na zahiri. A ruwa, lissafi ya ba da 109.5, na zahiri kuma 104.5. Daga nan ɗalibai da kansu suke tambayar ina digiri biyar suka tafi, sai mu shiga maganar tagwayen elektron biyu da ke kan oksijin waɗanda ba su haɗu da kowa ba, masu cin wuri suna matse haidirojin. Amoniya mai irin wannan tagwaye guda ɗaya tana tsayawa wajen 107, naitirojin a sama kamar tukunya bisa duwatsun murhu uku. Wannan lanƙwasar ta ruwa ce ta sa gefensa ɗaya ya fi ɗaya cajin lantarki, har yake narkar da gishiri.

Na kuma yaba da yadda kuka bari a sauke manhajar a yi aiki da ita ba intanet, domin kuɗin data ba ƙaramin nauyi ba ne a wurinmu. Aikin PhET da Farfesa Carl Wieman ya kafa a 2002 ya iso ajinmu, kuma yana amfani.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Malamin kimiyyar sinadarai, Kano