Zuwa ga Maman 'Yan Biyu, kan bizar Auta

Assalamu alaikum, ƙawata.

Ya gida, ya maigidan, ya 'yan biyuna, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Saƙonki na murya ya iso, minti 9 cur, rabi kuka rabi faɗa. Wata 7 ba ki ce mini ko "ya sanyi" ba, sai da aka hana Auta bizar zuwa aikin nas kika tuna kina da ƙawa a Ingila. Na yafe, amma yajin da kika yi mini alkawari yana nan a wuyanki.

Na karanta hoton takardar hanin da kika turo har sau uku. Ki share hawayenki, ita ma ki ce ta share. Ba su ce ba ta cancanta ba, ba su kuma ce ta yi ƙarya ba. Abu ɗaya suka rubuta: kuɗin asusunta bai kai ba. Irin wannan hanin ba ya rufe ƙofa, da zarar takardu sun kammala za ta iya sake nema.

Kin tambaye ni maki nawa ta rasa. Ko ɗaya. Tsarin makin nan da ya kankama a Janairun 2021 ba irin na JAMB ba ne da ake rige-rigen wuce juna. Maki 70 ake so: 20 na samun asibiti mai lasisin ɗaukar baƙi, 20 na aikin da ya kai matakin ƙwarewa, 10 na Turanci, sai 20 na albashi. Nas ɗin da asibitin gwamnati ya ɗauka, ta kuma ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET da NMC, hukumar rajistar nas-nas ta nan, ta yarda da ita, kusan ta gama haɗa 70 ɗinta tun kafin ta taɓa fom. Abubuwan da ke kayar da 'yan'uwanmu ba sa cikin makin ma. Kuɗin asusu ne, da gwajin tarin fuka, da takardar 'yan sanda, da ranakun da ke jikin kowace takarda.

Ga yadda maganar kuɗin take. Fam 1,270 ake so ya kwana 28 a jere a asusunta, kuma rana ta ƙarshe a cikin 28 ɗin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar tura fom. Ba abin da ke ciki ranar ƙarshe suke dubawa ba, mafi ƙarancin abin da ya taɓa ragewa a tsawon kwanakin suke nema. Ko na wuni ɗaya ya gaza, an faɗi. Sannan da canjin ranar da aka tura fom suke juya nairar zuwa fam, ba da na ranar da aka zuba kuɗin ba. Auta ta zuba daidai wa daida, banki ya yi ta 'yan cire-cirensa na alat da sauransu, naira kuma ta ɗan zame, shi ke nan kuɗin ya gaza. A wannan karon ta ɗora kamar kashi 20 cikin 100 a kai, a asusu mai sunanta, ba naki ba, ba na maigidanki ba, kuma ta manta da katin har wata ya cika.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi, na yi mamakin da ba wanda ya faɗa mata. A jikin takardar ɗaukar nauyi, wato CoS, akwai gurbin da asibiti ke cikewa cewa shi zai tsaya mata a watan farko. In sun cike shi, ba a tambayarta bayanin asusu sam. Ta rubuta wa ofishin ɗaukar ma'aikatan asibitin yau ɗin nan, ta gaya musu dalilin hanin ba ɓoye-ɓoye, ta roƙi sabuwar CoS, ta kuma roƙi a cike gurbin. Dole ne sabuwa, don tsohuwar ta ƙone, sau ɗaya ake amfani da ita. Kuɗin bizar da ta biya ma ba ya dawowa, wannan sai haƙuri.

Maganar ɗaukaka ƙara da Yaya Babba ya kawo, ku bar ta. Abin da ke akwai shi ne neman a sake duba hukuncin, a kan fam 80, cikin kwana 28. Kuskuren jami'i kawai ake dubawa, ba a karɓar sabuwar takardar banki, yana cin watanni, kuma ranar da ta tura sabon fom neman ya rushe. Jami'in nan bai yi kuskure ba. Ki gaya wa Yaya cikin ladabi, kin san halinsa in ya riga ya furta abu.

Af, wai da gaske an sa ranar ɗiyar Baba Ƙarami? A hoton wani na gani, ke ba ki faɗa ba. In an fitar da anko ki cire mini yadi 6, kada ki sake zaɓar mini irin koren nan na bikin Zariya, har yau ban huce ba. Kuma wa ya rinjayi Gwaggo ta yarda? Wannan labarin a waya nake so, ba a rubuce ba.

Mu koma kan Auta, don abin da ya fi damuna shi ne kada a gyara kuɗi wata takardar ta mutu. Kowacce da wa'adinta. CoS wata 3 take yi daga ranar da aka ba ta. Shaidar gwajin tarin fuka wata 6 ce daga ranar hoton ƙirji, kuma sai ta cibiyar da suka amince da ita, irin ta hukumar ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja ko Legas. Hoton wani asibitin, komai girmansa, ba sa kallo. Sakamakon Turanci shekara 2 ne. Ta ɗauki biro ta jera ranakun a takarda ɗaya, wadda ta fi kusa da mutuwa ita ce za ta nuna mata ranar da za ta tura.

Sai takardar shaidar 'yan sanda. Ana son ta daga duk ƙasar da mutum ya zauna wata 12 ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce, ko da zaman a gutsure ne aka tara. Shekara guda da 'yan watannin da ta yi aiki a Saudiyya sun shiga lissafi, ta Najeriya kaɗai ba ta isa ba. Ki duba mini ko ta haɗa ta, in kuma da Larabci take sai an yi mata fassara mai hatimi. Mijinta ma, in zai biyo ta, sai da tasa, da ƙarin kuɗi a asusu, fam 285 nasa, 315 na ɗan fari, 200 na kowane yaro bayansa. Sunanta kuma ya zama iri ɗaya a fasfo da banki da NMC, don na san ta ƙara sunan miji a wasu takardun bayan aure. A sabon fom za a tambaye ta ko an taɓa hana ta biza. Ta ce e, ta rubuta dalili. Ɓoye wannan ya fi hanin kansa muni.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Mutumin nan da ya ce wa maigidanki zai "gyara" mata bayanin banki, don Allah kada ya sake taka muku ƙofa. Suna tuntuɓar banki su tantance, kuma takardar bogi haramcin shekara 10 take jawowa. Kin tuna abin da ya faru a 2023, da NMC ta soke sakamakon jarrabawar kwamfuta ta CBT na kusan mutum 2,000 saboda cibiya ɗaya a Ibadan, har da waɗanda suka rubuta da guminsu sai da suka sake. Tun daga nan ido yake kan takardunmu. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da aka hana dillalai zuwa farautar ma'aikatan lafiya, haka Nijar da Ghana, amma mutum yana da damar neman aiki da kansa kai tsaye, kamar yadda Auta ta yi. Duk wanda ya ce a biya shi ya sayar da CoS, ɗan damfara ne. In kuma wani ya ce ta shigo a matsayin mai kula da tsofaffi daga baya ta juya, an rufe wannan ƙofar ga masu nema daga waje tun 22 ga Yulin 2025, kafin nan ma tun Maris 2024 aka hana su zuwa da iyali.

Kada ta zauna jiran biza hannu rabbana. In ta fara aiki, cikin mako 12 za ta zauna OSCE, jarrabawar gwajin aiki a aikace ta samun rajistar NMC, tasha 10 ce, kuma asibiti ba zai riƙe ta fiye da wata 8 ba in rajista ba ta fito ba. Aikin ta iya shi, abin da ke ba namu wahala shi ne faɗin kowane mataki da baki yayin da hannu ke yi, tun daga wanke hannu har tambayar sunan majinyaci da ranar haihuwarsa. Ki ba ta aron 'yan biyu ta riƙa gwaji a kansu, dama ba sa zama wuri ɗaya, za ta koyi haƙuri.

Ki turo mini hoton shaidar tarin fukan da ta 'yan sandan kafin Juma'a in duba ranakun. Ki gaida Hajiya da kyau, ki ce ina nan ina yi mata addu'a. Rigar sanyi kada Auta ta saya a can, akwai wadda zan ajiye mata.

Wassalam,
taki har kullum.